Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jihar Gombe: Kafin A Huda Kunnen Saniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya mai girma Shugaban Majalisa, da ɗaukacin wakilanmu na mazaɓu ashirin da huɗu, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni tsohon malamin duba nama ne. Na kama aiki a 1982, tun Gombe tana cikin tsohuwar jihar Bauchi, na ajiye bayan shekara talatin da biyar. Mafi yawan waɗannan shekaru a kwata na yi su, daga sallar asuba zuwa hantsi, wuƙa a hannu, takalmin roba a ƙafa, ina tsaga huhu da hanta da kaluluwa kafin a ɗora nama a baro a nufi kasuwa. Babu mamaki wasunku sun ci tsiren da ya bi ta hannuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar sanya wa dabbobi lamba a kunne da yi wa gonaki rajista, wadda ta yi ƙarfi tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NAITS, na sanya wa dabbobi lamba da bin sawunsu, a 2022, sannan ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta a 2024. Ga kuma shirin L-PRES na tallafa wa kiwo, na Bankin Duniya, da jiharmu take ciki. Ko ba daɗe ko ba jima maganar za ta iso teburinku, ko a rigar doka ko a cikin kasafin kuɗi. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma ina tsoron yadda za a yi ta.

Bari in fara da wani sa.

Wata asuba, shekaru da dama da suka wuce, a wata kwata da ba sai na faɗi sunanta ba, aka kayar da wani bijimi fari, bunaji, mai kyan gani. Da na buɗe ƙirji sai na tarar huhun ya cika da ƙulle-ƙulle, wasu kamar gyaɗa, wasu kamar ƙwan zabo, in ka tsaga sai ka ga wani abu rawaya-rawaya yana gurzar bakin wuƙa kamar yashi. Ya kama kaluluwa, ya bazu har hanta. Tarin fuka ne, irin wanda ya game jiki, wanda hukuncinsa shi ne a hana naman baki ɗaya. Mahaucin ya tsaya yana kallona hannu a ka, domin bashi ya ɗauko san, da alkawarin zai biya da la'asar in ya sayar. Na tambaye shi wurin wa ya saya. Ya kai ni wurin dillali. Dillali ya ce wani falke ne ya sauke shi tare da wasu guda tara. Muka samu falken bayan kwana biyu, ya ce a wata kasuwar ƙauye ya haɗa su, kuma wannan farin, in bai manta ba, wani Bafulatani dogo mai malafa ne ya kawo shi. Nan sawu ya ɓace. Dogon Bafulatani mai malafa! A ranar kasuwa guda za ka ƙirga ɗari.

Mun binne naman, na rubuta rahoto, aka sa a fayil. Amma abin da ya hana ni barci daban ne. San nan daga cikin garke ya fito. Tarin fuka yana bin numfashi daga saniya zuwa saniya, yana kuma bin madarar da ba a tafasa ba zuwa cikin mutum. Wato a wani wuri, cikin wannan jiha ko maƙwabciyarta, akwai rugar da ake tatsar 'yan'uwan wannan sa kowace safiya, yaran gidan suna sha da ɗuminta, uwarsu tana ɗaukar ƙwarya zuwa gari. Na san da su, amma ba ni da hanyar isa gare su. Abin da Turawa suke nufi da bin sawu ke nan, ba wani abu mai wuyar fahimta ba: in ka ga cuta a kwata ka iya komawa baya har turken da ta fito, in kuma ka gan ta a turke ka iya bin gaba ka san ina da ina dabbobin wurin suka tafi.

Su ma Turawan ba don son tsari suka fara ba, wuya ce ta koya musu. Ciwon haukan shanu ya ɓulla a Birtaniya a 1986. Bayan shekara goma, a 1996, gwamnatinsu ta amsa cewa mai yiwuwa yana kama mutane ta hanyar cin nama, nan take Tarayyar Turai ta hana fitar da naman shanunsu, takunkumin da bai gama ɗaguwa ba sai 2006. A wannan shekara ta 1996 suka fara yi wa kowane maraƙi fasfo, da lamba a kunne, duk inda aka kai shi sai an rubuta. A nan nahiyarmu, Botsuwana ta fara nata tsarin a 2001 don kada ta rasa kasuwar Turai, da wani ɗan dunƙule mai lamba da ake ɗura wa saniya ya zauna a tumbinta har ranar yanka, daga baya ta koma lambar kunne. Namibiya kuwa a 2020 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai naman shanu Amurka. Ba shanunsu ne suka fi bunajinmu da rahajinmu ba. Su suna iya cewa ga inda wannan tsoka ta fito, mu ba ma iyawa.

Ku tuna abin da ya faru a 2023. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi a guji cin ganda saboda ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Gana. A watan Yuli aka tabbatar da shi a wata gona a yankin Suleja ta jihar Neja. Ciwon saifa ba abin wasa ba ne. Dabba tana tsaye lafiya lau, sai ta faɗi, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da dubura. In aka feɗe ta, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasar wurin shekaru gommai tana jiran wata dabbar. Mai fiɗa yana kamuwa, mai jima yana kamuwa, mai ci yana kamuwa. Da a ce a tikenmu, wato kasuwar shanunmu, ta faɗi a wannan mako, wane ne a jihar nan zai iya faɗa muku shanun da suka kwana tare da ita motoci nawa suka shiga, kuma ina suka nufa? Gombe ce fa cibiyar Arewa maso Gabas, mun yi iyaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi. Na Mubi suna bi ta kanmu, na Biu suna bi ta kanmu, na Potiskum suna gangarowa ta Bajoga. Cikin kwana biyu ko uku abin da ya kwana a Gombe ya isa mayankar Oko-Oba a Legas.

To, in haka ne, me nake tsoro?

Ina tsoron jangali. Na san an daɗe da soke shi, amma ba a soke shi a zuciyar makiyayi ba. Tun zamanin En'e, duk ranar da hukuma ta zo ƙirga shanu, abin da ke biyo baya karɓa ne. Kakanni sun koya wa jikoki yadda ake raba garke biyu, a tura rabi cikin daji kafin malaman ƙirga su iso. A shekarata ta farko a aiki an haɗa ni da ayarin masu allurar rigakafi. Mukan isa ruga mu tarar da kashin shanu ɗanye ya cika mashekari, wanda ko makaho ya taka ya san garken ya haura ɗari, amma a fito mana da guda ashirin a ce su ke nan. Muna rantsuwa cewa allura kawai muka kawo, kyauta, dattijo yana murmushi yana cewa to, Allah ya saka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ga kuma al'ada: a wurin Fulani ba ladabi ba ne ka tambayi mutum yawan shanunsa, kamar yadda ni ma ba zan tsaya a zauren majalisa in tambayi ɗayanku nawa ne a asusunsa ba.

Sai ga 1983, annobar shanu ta bushiya ta shigo. Wanda bai ga wannan shekara ba ba zai gane ba. Garke guda yakan ƙare cikin mako biyu, zawo da majina da gyambon baki, ungulu har ta ƙoshi ta kasa tashi. Na ga dattijon da ya zauna a gindin bishiya da sandarsa, babu ko maraƙi a gabansa. A lokacin nan mutanen da suka ɓoye mana shanu bara su ne suke tare motarmu a hanya, suna kwana a ƙofar ofis, suna roƙon a zo. Kuma duk saniyar da aka yi wa allura ana huda mata kunne don a san an yi mata. Babu wanda ya ce uffan. Har ma saniya mai hudar nan ta fi daraja a kasuwa, domin mai saye ya san bushiya ba za ta ɗauke masa ita ba. Da irin wannan aiki, ƙasa bayan ƙasa, aka kai ga sanarwar 2011 cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa.

Darasin da na ɗauka tun ina saurayi ke nan, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Makiyayi ba ya ƙin alama a kunnen saniyarsa. Shi da kansa yana tsaga kunnen maraƙi da alamar gidansu, yana yin lalas, ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta da na kakarta. Abin da yake tambaya kawai shi ne: wannan alamar, ni za ta yi wa aiki ko a kaina za ta yi aiki? In amsar ita ce ta biyu, ku sayo lamba miliyan nawa kuke so, reza ta naira hamsin ta ishe ta.

Saboda haka roƙona na farko gare ku, ku da alƙalamin doka yake hannunku, shi ne ku rubuta ƙarara a cikin dokar cewa rajistar dabbobi ba za a taɓa amfani da ita wajen sanya haraji ko tara kuɗin shiga ba, kuma hukumar tattara haraji ba ta da ikon leƙa ta. Kada a bar shi a bakin kwamishina, domin kwamishina yana tafiya. A sa shi a sashe mai lamba, wanda arɗo zai iya riƙewa ya nuna. Na san wannan zai yi wa wasu ɗaci, musamman a zamanin da kowace jiha take neman inda za ta tatsa. Amma ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ko dai ku samu rajistar gaskiya, ko ku samu 'yan kuɗin shekara guda da littafi cike da ƙarya.

Akwai wani tsoron da babu shi a zamaninmu, yanzu kuwa ya fi na jangali. Littafin da ya ce wane ɗan wane, a ruga kaza, yana da shanu ɗari biyu, in ya faɗa hannun da bai dace ba, ya zama jagorar masu garkuwa da mutane. Kowa ya san yadda masu kai rahoto suke aiki. Dole dokar ta faɗi wane ne ke da ikon ganin adadi, a taƙaita su, a kuma tanadi hukunci mai zafi ga ma'aikacin da ya fitar. Ma'aikacin tike ba ya bukatar sanin yawan garken mutum. Abin da yake bukata shi ne ya duba lamba, na'ura ko littafi ya ce masa wannan saniya ta mai kawo ta ce, ba a kai ƙarar satarta ba, kuma ba daga yankin da aka killace ta fito ba. Shi ke nan.

A nan bari in gyara wani kuskure da nake ji har a bakin manya. Lambar kunne ba ta nuna inda saniya take a daji. Wadda ake kira ta lantarki ɗan ƙwayar bayani ne a cikin roba, sai an matso da na'urar karantawa kusa da ita take bayar da lambarta. Mai nuna wuri ta tauraron ɗan'adam wata aba ce daban, mai batir, mai tsada, ba wadda za a rataya wa kowace saniya ba. Kada a je ruga a yi alkawarin cewa in an sace shanu za a gan su a kwamfuta, domin ranar da aka sace aka kasa gani, an gama da shirin. Yadda lamba take maganin ɓarawo shi ne ta rufe masa kasuwa. In ya kawo ta da lambarta, ta tona shi. In ya yanke kunnen, yankakken kunne ya tona shi. Amma wannan sai in kowane tike da kowace kwata suna dubawa, har da na maƙwabta, in ba haka ba ya tsallaka Alkaleri ko Darazo ya sayar. Mun ga yadda Zamfara da Katsina suka kai ga rufe kasuwannin dabbobi da hana safararsu a 2021 saboda an rasa yadda za a bambance na halal da na sata, mai gaskiya da ɓarawo duk suka sha wuya tare. Ya kamata ku zauna da takwarorinku na Bauchi tun yanzu. Da ma uwa ɗaya uba ɗaya muke har 1 ga Oktoban 1996, kuma shanu ba su san an raba ba.

Sannan a tuna dajinmu daji ne mai ƙaya. Lamba za ta tsinke a farar ƙaya da sarƙaƙiya ba tare da laifin kowa ba. In sake ta ya zama sai an yi sati ana zarya a sakatariya, mutane za su haƙura da ita. A sa biyu, kunne da kunne, a kuma bar sakewa a hannun ma'aikacin da ke kusa, da shaidar arɗo ko mai unguwa.

Roƙona na biyu shi ne wanda na fi kowa sanin zafinsa, wato diyya. Ku koma kan mahaucin nan na ɗazu. Na hana namansa, kuma daidai na yi. Amma wa ya biya shi? Babu. Ya yi wata da watanni yana biyan bashin naman da ke cikin rami. Kuna tsammani da ya sake ganin saniya mai tari da arha kwata ya kawo ta? Bayan gida ya kai ta, aka yanka da dare, da safe nama ya shiga kasuwa babu wanda ya duba. Duk lokacin da muka tsananta a kwata ba tare da diyya ba, yankan ɓoye ne yake ƙaruwa. Haka abin yake a ruga. In bin sawu yana nufin ranar da aka gano cuta a sanka za a zo a killace garkenka, a hana ka sayarwa, wataƙila a kashe wasu, kai kuma ka tashi a tutar babu, to wane mai hankali ne zai yarda a san sa nasa ne? Mun gani a murar tsuntsaye. Da aka tabbatar da ita a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza. Masu gonaki suka ga bai kai kuɗin kazar ba, ga jinkiri, sai wasu suka riƙa kwashe kaji zuwa kasuwa da zarar sun ga an fara mutuwa. Cutar ta bi su.

Ku kafa asusun diyya da doka, a ware masa kaso a kasafi, a kuma ɗaura shi da lambar: dabba mai lamba in aka hana namanta, ko aka kashe ta don kare sauran, a biya mai ita kaso mai tsoka na kuɗinta cikin kwanaki ƙididdigaggu. Mara lamba babu diyya. Ku ga yadda mahauta da kansu za su fara ƙin sayen saniyar da ba ta da lamba, fatake su bi, dillalai su bi, maganar ta isa ruga ba tare da an tura ɗan sanda ko ɗaya ba. Haka allurar rigakafin ciwon huhu da ta saifa da ta harbin daji, waɗanda cibiyar Vom ta jihar Filato take yi, a riƙa kai su tare da lambar, rana ɗaya, hannu ɗaya, kyauta. Mai allura shi ne mai lamba. Kada a fara aika mai lamba shi kaɗai da rasit a hannu.

Wani abin da ido ba ya gani a kwata shi ne magani. Yau kowane makiyayi likitan kansa ne. A kowace kasuwar ƙauye akwai mai tabarma da kwalaben allura a rana, da na sammore, da na tsutsa, da farin jinin kowa, wato allurar nan mai dogon aiki da ake kira el-e. A jikin kwalbar an rubuta cewa kada a yanka dabba sai bayan kimanin mako uku zuwa huɗu da yi mata, kada kuma a sha nononta na wasu kwanaki. Wa yake karantawa? Abin da aka saba shi ne, in saniya ta kwanta a ɗirka mata allura, in ba ta tashi ba a yi maza a kai ta kasuwa ko a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Nakan gane wurin allurar a cinya, tsoka ta yi rawaya ta kumbura, in yanke in yar. Sauran maganin da ya bi jini fa? Yana cikin balangun da aka ci da daddare. Kaɗan-kaɗan haka ƙwayoyin cuta suke sabawa da magani, har ranar da za a kai yaro asibiti a ba shi irinsa ya ƙi ji. Malamanmu suna karantar da mu cewa abinci sai ya zama halal kuma mai kyau. Wuƙa da bisimilla suna kawo na farko. Na biyun sai an san abin da dabbar ta sha da ranar da ta sha, wannan kuwa ba ya yiwuwa in ita kanta dabbar ba ta da suna a littafi.

Kada kuma a ɗauka daga sama za a faro. Akwai tsari a ƙasa, tsoho, mai aiki. Babu saniyar da ake sayarwa a tike ba dillali, kuma dillali ba la'ada kawai yake ci ba, shi ne shaida, shi ake kamawa in ta zama ta sata. Akwai sarkin tike, akwai sarkin pawa, akwai arɗo, akwai shugabannin Miyetti Allah da na ƙungiyar fatake. Abin da ya rage musu rubutu ne. Rasit ɗin da ake yanka yanzu yana cewa an biya ne kawai, ba ya cewa wace saniya, daga wa, zuwa wa. A fara da littafi mai kwafi uku a kowane tike: lamba, mai sayarwa, mai saye, dillali, inda za ta. Waya da kwamfuta su biyo baya, kuma a zaɓi irin waɗanda suke aiki ko babu sabis, domin wanda ya san ƙauyukan Dukku da Nafaɗa ya san inda waya take zama dutse. Na ga na'urori masu tsada da aka kawo da biki, bayan wata shida batir ya mutu, suna cikin kwali a ofis har yau. In ana neman wurin gwaji, ga Wawa-Zange, makiyayar da ta haura hekta dubu ɗari da arba'in, da mutanen da suke zaune wuri guda. A yi shekara ana koyo a can da manyan tike biyu ko uku kafin a ce kowa da kowa. Masu shigowa daga Nijar da Chadi da Kamaru kuwa, tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi ga ƙasashenta, sai a nemi hanyar haɗa irin wannan takarda da namu littafin a mashigai, maimakon a yi kamar ba sa zuwa.

Game da rajistar gonaki, a yi hattara kada ta zama rajistar Fulani. Mai turka shanu biyar a bayan gidansa a Pantami ko Kumo gona gare shi. Ma'aikacin da ke da kaji dubu biyu a bayan gari gona gare shi, masu kiwon aladu a kudancin jihar haka. Kuma, Allah ya ba ku haƙuri, shanu da yawa da ake gani a hannun yaro da sanda ba nasa ba ne, na manyan gari ne, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan siyasa. Ina kyautata zaton ba a rasa masu garke a cikin zauren nan naku. Ku fara da naku, a gaban jama'a, ranar kasuwa. Awaki da tumakin mata kuwa ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba a farko, lambar gida ko ta unguwa ta wadatar, sai ragunan layya da ake lodi zuwa kudu.

Mun kuma san abin da rajistar manoma ta zama a baya. Tun daga rabon taki ta waya a 2012 har zuwa bashin noma na Babban Banki, duk lokacin da aka ce rajista, abin da mutane suke ji shi ne rabo, sai manoman biro su cika littafi, mai fartanya yana gona bai ji ba. Rajistar da ake bukata don lafiyar abinci wuri take bi: ga gonar, ga inda take, ga mai kula da ita, ga abin da ake kiwo ko nomawa, kuma ma'aikaci ya taka da ƙafarsa ya gani. Ba nama kaɗai za ta amfana ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari irin su fiya-fiya da aka samu a ciki. Wanda ya zuba maganin wataƙila mutum goma ne cikin dubu, amma da yake buhu ba ya faɗin daga rumbun wa ya fito, sai hukuncin ya hau kan kowa, har da mai gaskiyar da ke kawo nasa Tudun Hatsi. Waken da Bature ya ƙi kuwa bai koma gona ba, mu muka ci shi a ƙosai da alala.

Abu na ƙarshe, ma'aikata. Sa'o'ina da muka yi aikin bushiya mun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Lamba ba ta sa kanta, huhu ba ya tsaga kansa. Ku tambayi ma'aikatar da abin ya shafa, a rubuce, likitocin dabbobi nawa da malaman duba nama nawa suke aiki a ƙananan hukumomi goma sha ɗaya, da wuraren yanka nawa ne ake yanka a cikinsu kullum babu mai dubawa. Ku sa amsar kusa da kuɗin da za a nema na sayen lambobi, ku duba su tare.

In kun tashi jin ra'ayin jama'a, don Allah kada a yi shi a ɗakin taron otal da Turanci. A yi shi a tike ranar kasuwa, da Hausa da Fulatanci, a kudu a ƙara da Tangale da Waja, a gabas da Tera, a kuma ware zama da mata masu tallar nono, domin su ne za su fara jin jiki ranar da aka ce an killace ruga. Kafin nan ina gayyatar kwamitinku na noma da kiwo zuwa kowace kwata kuka zaɓa, ba tare da sanarwa ba, da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Ku zo da takalman roba. In kuna so zan zo da tsohuwar wuƙata in nuna muku inda ake tsagawa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin duba nama,
Gombe.